Ranar da Inna Ta Ce Ita Ta Haife Ni

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a tsohon gida irin namu na Fagge ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama a tabarma ɗaya da ni, ba ta kallon idona. In tana so ta aike ni sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa waccan ta kawo bokiti," alhali ina tsaye a gabanta, babu kowa a tsakar gidan sai ni da ita da kaji. Ƙannena suna hawa jikinta suna cin abinci a kwanonta, ni kuwa ko zazzaɓi nake yi sai dai ta leƙo daga bakin ƙofa ta tambayi labule yadda mai jiki ta kwana.

A hannun Gwaggo na tashi. Yayar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gida, ɗakinta yana kallon na Inna. Ita ta yi min kitso, ita ta zaunar da ni ranar da na fara ganin al'ada, ita ta raka ni ɗakin miji. Duk maganar da za ta shiga tsakanina da matar da ta haife ni sai ta bi ta ɗakin Gwaggo, a wanke ta a goge ta, sannan ta ƙarasa. Ban taɓa ɗaukar haka ƙiyayya ba. Kunya ce, alkunyar ɗan fari, kuma a da har taƙama nake yi da ita a gaban ƙawayena waɗanda iyayensu ke kiran sunansu gatsau. Na san Inna tana sona. Tsokar da ta fi kowace girma a miyar Sallah a kwanona nake samun ta, ba a taɓa cewa ga wanda ya sa ba.

Na yi aure a nan cikin unguwa, wajen tashar jirgin ƙasa, tafiyar ƙafa ce tsakanina da gida. Maigidana yana da shagon shadda da atamfa, ni kuma ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Sabon Gari. Shekaru suka yi ta tafiya babu haihuwa. Ba zan ɓoye ba, ina son ɗa so mai ciwo. Ina wuni da 'ya'yan mutane, ina share musu majina, ina ɗaure musu igiyar takalmi, in an tashi kowa a zo a ɗauki nasa, ni in hau adaidaita in koma ɗakin da yadda na bar shi haka zan same shi. Da cikin ya zo daga baya sai ya zube tun bai yi ƙwari ba. Aka kai ni asibiti aka yi min wankin ciki. Bayan shekara wani ya shiga, shi ma ya bi ɗan'uwansa, aka sake wanke ni.

Wanda bai zauna cikin matanmu ba ba zai gane matsayin wankin ciki ba. A wurinmu ba tiyata ba ce, tsafta ce. Mace in ta yi ɓari, tambayar farko bayan sannu ita ce, "An dai wanke ki ko?" In jini ya daɗe bai ɗauke ba, ba sai an je wurin likita ba, kowace tsohuwa ta san amsar: akwai saura. Kuma kowace tana da labarin wata da aka bar wa saura ya ruɓe a cikinta ya kashe ta. Labaran ba ƙarya ba ne, abin yana faruwa. Ita kanta Inna ƙanwarta da suke ciki ɗaya haka ta tafi, a ƙauye, tun kafin a haife ni. Wannan ma a bakin Gwaggo na ji.

Bayan wanki na biyu jini ya ɗauke, na yi wanka na ci gaba da salla, na koma makaranta. Sai wata safiya ina tsaye a gaban allo ina rubuta wa 'yan aji uku jimla, na ji ɗumi yana bin ƙafata. Babu ciwon mara, babu wata alama. Kafin in ajiye alli ya cika min takalmi ya malala a siminti. Kamar an buɗe famfo, haka nake gaya wa duk likitan da ya tambaye ni daga baya, domin ban sami abin da ya fi wannan kama da shi ba. Sai wata yarinya ta fashe da kuka, sauran suka taya ta.

Malamar ajin da ke kusa da nawa ce ta shigo da gudu. Madam muke ce mata. 'Yar ƙabilar Ibo ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, nan aka haifi babanta ma, kuma in ta zagi mai adaidaita da Hausa sai ka rantse a cikin Birni aka yanke mata cibiya. Ta kori yaran waje, ta fizge labulen taga ta naɗa min, ta tare abin hawa. Kafin mu kai asibiti jinin ya tsaya da kansa, tsaf, kamar ba a yi ba. Aka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini aka sallame ni.

Haka ya riƙa yi min. Ya yi shiru in saki jiki, in fara cewa na warke, sai ya ɓalle a kasuwa ko a kan sallaya. Na daina sa kaya masu haske. Na daina zama a kujerar mutane. Audugar mata ba ta riƙe shi, sai da na koma sa irin kunzugun roban da ake sa wa tsofaffi marasa lafiya, ina sayo wa kaina abin da ban taɓa saya wa jariri ba. Tafin hannuna ya yi fari fat, in na hau bene sai na huta a tsakiya. Maigida ya tambayo malamin masallacinsu, aka ce jinin ciwo ne, in wanke in yi alwala in yi salla. Na yi ta yi, rabinta a zaune. Inna tana aiko min da hanta da zoɓo ta hannun Gwaggo, a ce daga gida ne. Matan unguwa kuwa bakinsu ɗaya: akwai saura, wanda ya wanke ki bai iya ba, ki je a sake.

Da na bi ta tasu da na je. Madam ce ta hana. Ta ce ita ba likita ba ce, amma an wanke ni sau biyu ban ga daidai ba, me na uku zai yi da biyun ba su yi ba? Ta ja ni babban asibiti, muka yi layi tun safe har azahar kafin mu ga likitar mata.

Siririya ce mai tabarau, ba ta da fara'a, amma tana saurare. Ta sa aka gwada jinina a ga ko da sauran alamar ciki, aka ce babu. Ta ce to in babu ciki, sauran me ake ta nema? Ta tura ni sikanin, ta ce ba irin baƙi da farin da na saba ba, mai launi, wanda ke nuna yadda jini yake gudu. Ta biyo ni ɗakin da kanta. Na kwanta, mai na'urar ta juyo min fuskar talabijin ɗin. Da farko toka-toka ne kamar kullum, ga mahaifa, ga wani duhu-duhu a jikin bangonta. Likita ta nuna da biro ta ce, "Kin ga wannan? Wanda ya tsaya a nan zai ce saura ne." Sai aka danna wani maɓalli, wurin ya kama da launi, ja da shuɗi da rawaya a cakuɗe, suna ta motsi ba sa tsayawa. Aka buɗe sauti na ji fuu, fuu, fuu, da ƙarfi. Sau da yawa na kwanta a irin gadon nan ina roƙon Allah in ji bugun zuciyar ɗa, yau ga na'ura tana amsawa da ƙarfinta amma ciwo ne yake bugawa. Na ce a kashe sautin, aka kashe.

Ta sa aka kira maigida, ta zaunar da mu ta yi bayani da Hausa. Ta ce jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da ƙarfi take tunkuɗo shi, ita kuwa mai mayar da shi laushi gare ta, ba ta saba da ƙarfi ba. A tsakaninsu akwai ƙananan hanyoyi sirara da ke rage wa jinin gudu. Ni a bangon mahaifata, wataƙila a inda wanki ya ji mata rauni, da wurin ya zo warkewa sai manyan suka haɗe kai tsaye, suka cukurkuɗe suka kumbura, kuma fatar da ta rufe su ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. In ta ɗan fashe, shi ne famfon da nake gani.

Maigida ya tambaya ko da magani. Ta ce akwai. In abin ƙarami ne wani lokaci yakan lafa da kansa ko da ƙwayoyi, amma nawa ba ƙarami ba ne. Akwai aikin da ake yi ba tare da an yanka ciki ba: a zura siririyar roba ta jijiyar cinya, a bi da ita har bakin wurin ana kallo a hoto, a toshe jijiyoyin da ke ciyar da shi. Mahaifa ta zauna a wurinta, kuma akwai matan da suka haihu bayan an yi musu. Sai dai Abuja za ta tura mu, sai an yi wani hoton, sai an ba mu rana, sai jinina ya ɗan hau. Kafin nan ta ɗora ni a kan ƙwayoyi. Ni dai "suka haihu" na riƙe, sauran maganar ta bi ta bayan kunnena, har sai da ta buga biro a tebur.

"Ki saurare ni da kyau. Kada ki kuskura ki bari a sake yi miki wankin ciki. Ko a sume aka kai ki wani wuri, a ce musu ba a sa wa mahaifar nan ƙarfe ko roba. In aka kankare ta jijiyoyin nan za a yaga, kuma ba lallai mu iya tsayar da jinin ba. Ki gaya wa duk wanda zai iya ɗaukarki in kin faɗi. Mahaifiyarki tana raye?"

"Tana raye."

"To ita za ki fara gaya wa."

Na ce to, domin a ganina ina da hanyar gaya mata, hanyar da na bi duk rayuwata.

Washegari na shiga ɗakin Gwaggo na zayyana mata komai, har da yatsa na zana mata jijiyoyin a kan tabarma. Ta saurara tana taunar goro, ta yi salati, ta ce Allah ya sawwaƙe. Na ce a gaya wa Inna yadda na faɗa, musamman maganar wanki. Ta ce, "Ke tafi can, yaushe aka haife ki da za ki koya min kai saƙo?" Sai da komai ya wuce na san yadda ta kai shi. Ta auna ta ga Inna tana da hawan jini, ta ga maganar jijiya za ta fashe ba maganar da za a yi wa uwa ba ce, ta kuma ga ambaton Abuja zai tayar mata da hankali. Maganar wanki kuwa ita kanta ba ta yarda da likitar ba, ina aka taɓa jin tsafta ta yi kisa? Abin da ta ce wa Inna shi ne an ga ɗan abu a mahaifar yarinya, ana ba ta magani, a taya da addu'a. Ba mugunta ta yi ba. Haka ta saba gyara kowace magana tun ina goye, kuma ba a taɓa samun matsala ba.

Na ce wa maigida ko shi ma zai ƙara faɗa mata. Ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa babu wando. "Ni? In durƙusa gaban surukata in ce mahaifa?" Shi mutum ne da in ya hango Inna a layi sai ya cire takalmi ya tsuguna tun daga nesa, gaisuwarsu ba ta wuce an wuni lafiya da ya kasuwa.

Madam kaɗai ta ce abin bai yi mata ba.

"Ke kin gaya mata da bakinki?"

"An gaya mata."

"Ban ce an ba, na ce ke."

"Mu ba a haka a gidanmu."

"Wallahi kunyar nan taku wata rana sai ta ci mutum. Ni uwata ce ta riƙe min ƙafa a ɗakin haihuwa."

Raina ya ɓaci, na ce mata kowa da tarbiyyar gidansu, ba kowa ne ya tashi a bakin kasuwa ba. Muka yi kwana biyu ba ma ga maciji, sannan ta ajiye min ƙullin ganyen ugu a tebur, wai yana ƙara jini, muka shirya.

Aka ba mu rana a Abuja, saura 'yan makonni. Jinina ya fara hawa, na fara cin abinci da daɗi. Har na koma leƙa rumfunan kayan jarirai a Kasuwar Sabon Gari, ina ɗaga 'yan riguna ina cewa wata nake duba wa.

Ranar Juma'a ce. Makaranta ta tashi da wuri, na biya gida in gaishe su kamar yadda na saba. Gwaggo ta tafi ta'aziyya Kurna tun safe, ƙannena mata duk suna gidajen mazansu, maza sun tafi masallaci. Daga ni sai Inna. Na gaishe ta daga bakin ƙofa ta amsa wa bango, na ja kujera 'yar tsuguno ina tsince mata shinkafa. Na miƙe in zubar da tsakuwa ke nan ya ɓalle. Wannan karon bai yi kama da na baya ba, har ƙarar zubarsa na ji a ƙasa. Na ce, "Inna," sai ga ni a kwance, tiren shinkafa ya kife.

Wanda ya san Fagge da azahar ɗin Juma'a ya san babu namiji a gida. Sahu ya fito har titi, an tare hanyoyi, masu adaidaita sun ajiye sun shimfiɗa sallaya, wayar maigidana a kashe take a aljihu. Inna, wadda ko zaure ba ta leƙawa babu mayafi, ta fita layi da ɗankwali kawai tana ihu. Mata suka fito. Aka samu wani dattijo mai adaidaita, Kirista ne daga kudancin Zariya, shi ba ya zuwa Juma'a. Ya ce hanyar babban asibiti a toshe take sai an sauko, amma akwai wani ƙaramin asibiti nan kusa a Sabon Gari, a buɗe yake. Aka ɗora ni, Inna ta rungume ni a cinyarta. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ƙamshin jikinta kusa haka ba, man kaɗe da hayaƙin itace.

Ina ji ina gani, amma komai daga nesa yake zuwar min. An sa min ƙarin ruwa. Wani mutum mai farar riga ya goga min na'ura a mara, irin baƙi da farin nan, ya ce wa nas yana ganin wani abu a ciki. Ya tambaya ko na yi ɓari, Inna ta ce na yi, tun daga nan jini bai bar ni ba, kuma an ce an ga abu a mahaifa. Na tattara duk ƙarfin da ya rage min na ce kada a wanke. Na san na faɗa, domin nas ɗin ta sunkuyo ta ce me na ce, na sake faɗa. Bayanin jijiya da launi da Abuja duk yana cikin kaina, harshena ne ya ƙi ɗaukarsa.

Mutumin gaskiya bai yi gaggawa ba. Ya ce mara lafiya ta ce ba ta so, ina mijinta, shi ya fi son a jira shi ko a wuce da ita gaba. Ya dubi matan da suka biyo mu ya ce wa ke da iko da ita a nan.

"Ni ce," in ji Inna. "Ni na haife ta. 'Yata ce, ita ce ta fari."

Ashe duk tsawon rayuwata ina jiran wannan magana ban sani ba. A kan gadon roba na ji ta, jinina yana ɗiga a bokiti. Sai kuma ta kira sunana, sunana na yanka, ta dafa goshina ta ce in yi shiru, tsoro ne kawai, yanzu za a gama. Ta juya ga mutumin ta durƙusa a jiƙaƙƙen siminti, ta ce ta haɗa shi da Allah ya wanke ni, saura ne, haka ƙanwarta ta mutu ana jiran miji ya dawo daga gona, ita ba za ta rasa biyu ta hanya ɗaya ba. Matan unguwa suka taya ta roƙo. Ya dubi bokitin, ya dubi hoton, ya ce a shigar da ni.

Abin da ya biyo baya a bakin mutane na ji. Yana fara wankin jini ya yi tsartuwa har rigarsa. Ya cusa abin da zai cusa ya danne, ya sa ni a motarsa ya tuƙa da kansa zuwa babban asibiti, lokacin an sauko daga masallaci, titi ya cika da jama'a yana ta danna oda. Aka kira likitata. Suka zura wata 'yar roba suka hura ta a cikin mahaifa don ta danne wurin, bai tsaya ba. Aka buɗe ni aka ɗaure jijiyoyin da ke kai mata jini, bai tsaya ba. Abokan kasuwar maigida suka yi layi da kayan Juma'arsu suna ba da jini, Madam ta zo da mijinta da ƙannensa su ma suka bayar. Daga ƙarshe likita ta fito ta ce wa maigida ko mahaifa ko ni. Ya sa hannu.

Shi ya gaya min da na farfaɗo, yana kuka, ni ban yi ba. Abu ɗaya na tambaye shi, ranar da aka ba mu a Abuja fa? Ya ce zai kira ya ce a ba wata. Ɗakin da aka kwantar da ni bango ɗaya ne tsakaninsa da na masu jego, kullum ina jin kukan jarirai da guɗar dangi. Na roƙi a sallame ni tun ban iya miƙewa sosai ba.

Inna kuwa tana barandar asibitin tun da aka kawo ni. Da aka fito da ni maigida ya je ya tsuguna daga nesa ya ce an yi aiki an dace. Gwaggo ta ƙara da cewa an ɗinke wurin da ke yoyo. Babu wanda ya ce mata an cire komai. Ta yi sujada a barandar. Da na dawo gida ta koma yadda take, bango da labule da "waccan", kamar Juma'ar nan ba a yi ta ba. Amma labari yana zuwar min cewa tana gaya wa mutane da ba ta tsaya a kan a wanke ni ba da tuni an yi sadakar bakwai.

Na yi fushi. Ba zan yi wa abin ado ba, na yi fushin da ban san ina da wurin ajiye shi ba. Na yi da Gwaggo, na daina shiga ɗakinta. Na yi da maigida da tsugunonsa. Na yi da matan unguwa masu zuwa dubiya suna ce min Allah zai kawo wani, na riƙa juya musu baya ina kallon bango ni ma. Na koma makaranta na kasa jure ajin ƙanana, na roƙa aka mayar da ni aji shida. Madam ba ta taɓa ce min ai ta gaya min ba, kuma na so ta faɗa don in sami wanda zan yi wa ihu. Likita ta ce in gode wa Allah da ya bar min raina, kuma na gode, amma godiyar ba ta hana ni tsayawa a banɗaki ina kallon ɗinkin da ya ratsa marata.

Da na warware sai Inna ta shiga nema min haihuwa gadan-gadan. Yau a aiko da ƙullin sassaƙe, gobe rubutu a gora, jibi garin da za a dama da nono. Tunkiyar da take kiwo a bayan ɗaki ma ta tafi a wannan nema. Gwaggo ce mai kawowa, ta ajiye ba ta iya kallona. Na ce mata ta je ta faɗi gaskiya, ta ce bakinta ba zai iya ba, so nake a kashe matar? Maigida ya ce a bar ta da addu'arta, me ta rage mu da shi? Na riƙa karɓa ina jerawa a bayan ƙofa har wurin ya fara wari.

Wata Asabar da hantsi na ji sallama da muryar da ban taɓa ji a gidana ba. Tunda na yi aure Inna ba ta taɓa taka gidan ba, uwa ba ta zuwa gidan 'yar fari haka kawai. Ga ta da jarka a hannu, ta haɗa gumi. Na shimfiɗa mata tabarma, ta zauna a gefe ta ba ni rabin baya. Ta ce wa ƙofa wannan daga wurin wata mata aka karɓo can bayan Dawanau, an ce ba ya kuskure, a sha safe da yamma, kuma an ce sai uwa ta miƙa da hannunta, shi ya sa ta zo. Ta turo jarkar wajena.

Na tashi na zagaya na zauna a gabanta, inda ba ta da wurin kau da kai.

"Inna, babu mahaifar. An cire ta tun ranar."

Ba ta motsa ba. Na ci gaba, na faɗa mata duka da bakina, da kalmomin da ban taɓa furtawa a gabanta ba. Jijiyoyin da suka haɗe, hoto mai launi, ranar da aka ba mu a Abuja, abin da likita ta ce game da wanki. Ban sassauta ba, ban kuma ƙara ba. Ina magana tana kallona ido cikin ido, na ga ashe idonta irin nawa ne.

Da na gama sai ta tambaye ni:

"Kin san da haka kafin ranar?"

"Na sani."

"Shi ma ya sani?" Maigidana take nufi.

"Ya sani."

"Yaya ma?" Haka take kiran Gwaggo.

"Ita aka ba saƙon."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Kin ce kada a wanke. Na ji ki. Da kunnena na ji ki."

Gaskiya ta faɗa.

"Kowa ya sani sai ni," in ji ta. "Kuma ni aka tambaya."

Na zaci za ta yi kuka ko ta faɗi, har na fara tunanin ko ta sha maganin hawan jininta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ɗauki jarkar ta je bakin rariya ta tuttule ta, ta tsaya har ta tsiyaye. Ta hango sauran a bayan ƙofa, ta kwaso su, gora da kwalba da ƙulli, ta zubar. Na ce ta bari zan yi, ta ci gaba da abinta. Ta ɗebi ruwa ta kora rariyar, ta ɗauraye jarkar ta riƙe a hannu, ta maƙwabta ce ta aro. A bakin zaure ta tsaya ta gyara mayafi, ta juyo ta tambaye ni ko ɗinkin yana yi min ciwo har yanzu. Na ce sai in gari ya yi sanyi. Ta ce in riƙa gasa shi da ruwan ɗumi, sannan ta fita.